Ƙishirwar Da Ba Ta Jin Ruwa

Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar nan ya san ƙishirwa. A watan Maris da na Afrilu, sa'ad da iska ta tsaya cik, rana ta take, mutum ya kan shanye moɗa biyu ko uku bai san ya sha ba. Amma irin wannan ƙishirwa tana da iyaka. In an sha ruwa ta kwanta, kuma fitsarin mai ita kaɗan ne, jajaja, domin jiki yana tattalin ɗan ruwan da ya samu. Akwai kuwa wata ƙishirwa dabam wadda ba ruwanta da bazara ko hunturu. Mai ita ya kan sha tulu guda tsakanin safe da dare, ya fitsarar da tulu guda, fari fat kamar ruwan rijiya, maƙogwaronsa kuma bai daina bushewa ba. A kanta mu ke so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna yau, domin su ne jama'a ke kai wa takardar asibiti a karanta musu, su ne kuma a kan tambaya a ce, "Malam, me likita ya ke nufi?"

Abin da ya sa maganar ta tsaya mana a rai shi ne wani akawu da muka sani a wani ofishin ilmi, wanda ke riƙe da takardun albashin malamai. Dattijo ne mai tsare aikinsa, sai dai tun yana saurayi taba sigari ba ta rabuwa da yatsunsa. Ya yi wata da watanni yana tari, yana ramewa. Aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata 6, ya sha har ya ƙare, tari yana nan. Sa'an nan sai ƙishirwa ta taso masa. Ya ajiye jarka a ƙarƙashin teburinsa, buta kuwa ba ta hutawa, har abokan aiki suka mai da abin na raha. Wani ya ce ciwon sukari ne, a duba ko tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari. Ba ta taruwa. Aka gwada jininsa a wani ƙaramin asibiti, aka ce sukarinsa daidai ya ke, ya koma gida, zafin gari ne. Uwargidansa, don tausayi, ta riƙa ɗauke ruwa daga ɗakinsa bayan lisha, wai ko ya sami barci. Sai da ya fara sambatu, ya daina gane mutane, aka kai shi babban asibiti, inda aka gano sankara ce a huhunsa, ta kuma yi reshe a gindin ƙwaƙwalwarsa. Bai cika shekara ba Allah ya yi masa rasuwa. Mu ma muna cikin waɗanda suka ce masa zafin gari ne, kuma har yau abin bai bar mu ba.

To, ina ruwan huhu da fitsari? Tilas sai an fara da ƙoda. Ƙodojin mutum biyu suna tace jini dare da rana, kuma ruwan da su ke tsamowa daga cikinsa a kwana ɗaya ya kai misalin lita 180, watau kusan cikin babban duro. Da a ce duk wannan zai fita, da ba wanda zai wuni da rai. Amma kusan dukansa ƙoda ta kan mayar cikin jini, abin da ke sauka mafitsara bai fi lita ɗaya da rabi ba a yawancin mutane. Aikin ƙarshe na mayarwar, wanda ke hukunta ko fitsari zai yi kauri ko zai tsinke, ƙoda ba ta yinsa da ra'ayin kanta. Umarni ta ke jira, mai kawo umarnin kuwa wani sinadari ne da ke yawo cikin jini, wanda likitoci ke kira basofiresin. In jiki ya soma bushewa sai a ƙara sakinsa, ƙoda ta matse. In an sha ruwa ya wadata sai a rage, ƙoda ta saki.

A can ƙasan ƙwaƙwalwa a ke haɗa wannan sinadari, ya gangaro ta wani siririn sili zuwa rumbunsa. Rumbun nan wata 'yar ƙwaya ce da ba ta fi ƙwayar wake ba, nauyinta misalin rabin giram, tana zaune cikin wani ɗan gurbi na ƙashi a tsakiyar kai, a bayan hanci. Sunanta a bakin likitoci fituwitari. Kashi biyu ce. Na gaba shi ke ba da umarni ga wasu ƙwayoyin jiki masu kula da girma, da haihuwa, da nonon mai jego, da ƙarfin jiki lokacin wahala. Na baya shi ne ke ajiye basofiresin. Masu karatu da suka san aikin ofis za su gane misalin nan da nan: kamar ofishi ne ɗan ƙarami, ɗaki ɗaya, amma duk takardar biya sai ta bi ta cikinsa. In ya ƙone, ko da baitulmali na nan cike, ba wanda zai karɓi kwabo.

Sankara kuwa halinta ne ta yi ƙaura. Ƙwayoyinta su kan ɓalle daga inda suka tsiro, su faɗa cikin jini, su sauka wani wuri su kafa sabon gida. Ta huhu ta fi sauran samun hanya, domin duk jinin jiki ta huhu ya ke bi, daga nan ya koma zuciya, zuciya ta watsa shi ko'ina. Shi ya sa a kan same ta a ƙwaƙwalwa, da ƙashi, da hanta. Saukarta a wannan 'yar ƙwaya ba abu ne mai yawan faruwa ba, amma in ya faru, bincike ya nuna yawanci daga nono ne ko daga huhu ta taso. Kuma ta fi sauka a kashin baya, saboda wani dalili mai sauƙin fahimta. Kashin baya yana samun jininsa kai tsaye daga jijiyar da ta fito daga zuciya, na gaba kuwa yawancin jininsa sai ya ratsa wasu ƙananan jijiyoyi tukuna kafin ya iso. Watau ɗaya a bakin titi ya ke, ɗaya a lungu, baƙo kuwa gidan bakin titi ya ke fara sallama. In ƙarin ya cinye wurin, ko ya datse silin nan, basofiresin ya yanke, ƙoda ta saki ruwa ba mai tsai da ita. Mutum ya kan fitar da fiye da lita 3 a kwana, wani lita 10, wani har ya doshi 20, cikin jarka ke nan. Wani lokaci ma wannan ƙishirwa ita ce alamar farko da ke tona asirin sankarar da ba a san da ita ba.

Yanzu sai maganar suna, wadda ita ce ta fi shafar mu masu karatu da fassara. Tun zamanin da, likitocin Turai sun ba duk ciwon yawan fitsari suna ɗaya, dayabitis, daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da ke ratsawa ya wuce. A 1674 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya rubuta cewa fitsarin masu ciwon yana da zaƙi kamar an sa zuma, a 1776 kuma Matthew Dobson ya nuna sukari ne a ciki. Sai aka lura akwai wasu masu yawan fitsarin da nasu ba zaƙi ko kaɗan. Johann Peter Frank ya ware su dabam a 1794. Aka kira na farko melitus, mai zuma, na biyu insifidus, watau lami, marar ɗanɗano. Ciwo biyu ke nan da ba abin da ya haɗa su sai yawan zuwa bayan gida. Na farko matsalar sukari ne da insulin, na biyu matsalar ruwa ce da basofiresin. Kama da wane ba wane ba ne. Amma da ya ke na sukari ya fi yawa nesa ba kusa ba, ko'ina aka ji dayabitis sai hankali ya tafi kansa. A Hausa abin ya fi muni, domin mun fassara kalmar da "ciwon sukari" mun rufe ƙofa. Malami ya ga kalma biyu a takarda, ya gane ta farko, ya tsallake ta biyu, ya ce wa dangi a hana shi tuwo da zaƙi. Maganin sukari ba ya yi wa mai wannan ciwo komai. A ganinmu gara mu saba kiransa ciwon fitsari lami, kowa ya san ba na sukari a ke nufi ba.

Kada a ce jahilcinmu ne kaɗai. A 2009 wani saurayi mai wannan ciwo ya mutu da ƙishirwa a kan gadon wani babban asibiti a Landan, saboda ba a ba shi maganinsa ba, ba a kuma gane abin da roƙon ruwansa ke nufi ba. Irin wannan hasara tana cikin abin da ya sa a 2022 ƙungiyoyin likitocin fannin na ƙasashe da dama suka yi shawara a sake wa ciwon suna, a riƙa kiransa ƙarancin basofiresin, a cire kalmar dayabitis daga ciki ɗungum. In masu harshen sun ga sunan ya zama tarko har sun canza shi, mu da mu ke aro ya kamata mu fi su taka-tsantsan.

Haɗarin ciwon yana wuri ɗaya. Muddin mai shi yana cikin hankalinsa, ruwa kuma yana kusa, ƙishirwar nan ita ce mai tsaronsa: abin da ya fita ya kan mayar. Wahala ce ƙwarai, ba barci, ba tafiya mai nisa, amma rai ba ya salwanta. Ranar da aka raba shi da ruwa, ko ya suma, ko ya yi raunin da ba zai iya miƙa hannu ya ɗauki moɗa ba, fitsari ba zai tsaya don an daina sha ba. Jini ya yi kauri, gishirin cikinsa ya hau, ƙwaƙwalwa ta soma bushewa, sai sambatu, sai jijjiga, sai dogon suma. Wannan ba ya bukatar mako, kwana ɗaya ko biyu sun isa. Saboda haka abin da uwargidan akawun nan ta yi da kyakkyawar niyya shi ne mafi haɗari duka, ba kuwa laifinta ba ne, ba wanda ya gaya mata. Haka kuma mai wannan ciwo da ya nace sai ya yi azumi cikin zafi ba tare da shawarar likita ba, yana wasa da ransa ne, alhali kuwa an yi wa marar lafiya rangwame. Akwai gwajin da likitoci ke yi na hana ruwa na wasu sa'o'i don su tabbatar da ciwon, amma a asibiti a ke yinsa, ana auna nauyin mutum da jininsa a kai a kai. Ba abin da za a kwaikwaya a gida ba ne.

Ba mu so mu tsorata kowa. Yawancin masu yawan fitsari ciwon sukari ne da su, shi ya kamata a fara gwadawa. Ko fitsari lamin ma yana da dalilai da yawa waɗanda ba sankara ba: buguwa a kai, ko aikin tiyata a ƙwaƙwalwa, ko ƙari marar yaɗuwa, ko tarin fuka da ya hau kai, ko kuwa ƙodar ce ta ƙi jin umarni. Abin da mu ke cewa shi ne, in an gwada sukari ba a samu ba, magana ba ta ƙare ba, yanzu ta fara. Balle in mutum ya manyanta, ya daɗe yana shan taba, yana tari, yana ramewa, abin kuma ya zo masa farat ɗaya. Akwai wasu alamu da kan biyo. A bisa wannan 'yar ƙwaya daidai jijiyoyin gani na ido biyu suka gicciye, in ƙari ya taso ya danne su sai ganin gefe ya ɗauke, dama da hagu, mutum ya riƙa karo da bakin ƙofa. Wani ya kan ga abu ɗaya ya zama biyu, ko fatar idonsa ta faɗo, ko ciwon kai ya ƙi sakinsa. Duk wanda ya haɗa waɗannan da ƙishirwa, babban asibiti ne wurinsa, inda za a ɗauki hoton ƙirji da na ƙwaƙwalwa.

Ga wani abin mamaki ga masu son sani. Wata irin sankarar huhu, mai ƙananan ƙwayoyi, ta kan yi akasin wannan sarai: ita da kanta ta riƙa haɗa basofiresin tana zubawa cikin jini ba lissafi, jiki ya riƙe ruwa fiye da kima, gishirin jini ya faɗi. Likitoci biyu na Amurka, Schwartz da Bartter, da abokan aikinsu, suka bayyana wannan a 1957. Shi irin wannan majinyaci rage masa ruwa a ke yi. Ciwo daga gaɓa ɗaya, amma abin da zai ceci wannan shi zai kashe wancan. Wannan kaɗai ya isa ya hana mu rubuta wa maƙwabci magani don mun ga ya yi wa wani amfani.

Game da magani akwai labari mai daɗi da marar daɗi, kuma ba mu ga amfanin ɓoye ɗaya ba. Ita ƙishirwar tana da magani mai ƙarfi. Tun 1913 likitoci a Italiya da Jamus suka gano ruwan da aka tatso daga kashin baya na wannan ƙwaya a jikin dabba yana tsai da fitsarin. Vincent du Vigneaud na Amurka ya gano ginin sinadarin ya kuma haɗa shi a ɗakin bincike, aka ba shi kyautar Nobel a 1955. A shekarun 1960 masana a ƙasar Cekoslobakiya suka gyara shi ya zama mai daɗewa a jiki, shi ne desmofiresin da a ke amfani da shi yau, ko ƙwaya, ko na fesawa a hanci, ko allura. Mutumin da ya yi wata uku bai yi barcin sa'a biyu a jere ba ya kan kwana lafiya tun daren farko. Sai dai wanda ke kan maganin nan ya sha ruwa gwargwadon ƙishirwarsa kawai, domin in ya ci gaba da ɗurawa kamar da, ruwan zai taru ya tsinka jininsa. In kashin gaba ma ya taɓu, akwai wasu magunguna da a ke haɗawa su maye gurbin abin da ya rasa. Ita kuwa sankarar da ta riga ta kai can, ta yi nisa. Ana gasa wurin da na'ura, ana fiɗa ta hanci a rage ƙarin don a ceci ido, ana ba da magungunan daji, wasu sababbi ma sun ƙara wa mutane kwana fiye da yadda a ke samu a da. Amma warkewa sarai ba a cika samu ba. Duk da haka watannin da mutum zai yi cikin hankalinsa, yana barci, yana gyara al'amuransa, yana sallama da iyalinsa, ba ƙaramin abu ba ne, kuma akawun nan namu bai sami ko rabinsu ba.

Tushen abin kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila, da Wynder da Graham a Amurka, suka buga binciken da ya haɗa taba sigari da sankarar huhu. Doll da Hill suka ci gaba da bin dubban likitocin Ingila tun daga 1951, suna rubuta wanda ke sha da abin da ya kashe shi. Ƙungiyar manyan likitoci ta Landan ta tabbatar da maganar a 1962, babban likitan gwamnatin Amurka ya bi baya a 1964. Shekara 60 da ɗoriya ke nan da aka gama gardama. Amma a 2022 kaɗai sankarar huhu ta kashe mutum kusan miliyan 1.8 a duniya, fiye da kowace irin sankara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce misalin kashi 85 cikin 100 na masu ita taba ce sanadi. Sauran akwai waɗanda ba su taɓa sa kara a baki ba, har da matan da suka shekara suna shaƙar hayaƙin miji ko na murhu a rufaffen ɗaki. Nijeriya ta kafa dokar taba a 2015, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da ita kara-kara. Kowa ya leƙa teburin mai tireda da ke kusa da makarantarsa ya ga ko ana bin ta. Malamin da ke aiken ɗalibi ya sayo masa kara biyu lokacin tara, ya sani darasin da ya koyar ke nan ran nan, ba wanda ke kan allo ba.

Wani abin da ya ci akawun nan shi ne wata 6 da aka ɓata a kan maganin tarin fuka. Ba mu zargin kowa, domin tarin fuka ya yi yawa a ƙasarmu, alamunsa kuma ɗaya ne da na sankara: tari, rama, jini a majina. Amma in an gwada majina ba a ga ƙwayar cutar ba, aka kuma sha magani wata 2 ba sauƙi, haƙƙin majinyaci ne ya koma ya tambaya ko akwai wani abu dabam, haƙƙin mai ilmin da ke tare da shi ne kuma ya raka shi ya buɗe baki a madadinsa. Mutanenmu suna jin nauyin likita, su kan ce "to" ko ba su gane ba.

Akwai wani taimako da ba ya cin ko kwabo, wanda kuma ya dace da hannun akawu. In wani naka yana fama da irin wannan ƙishirwa, sami jarka wadda ka san awonta, a tara fitsarinsa duka daga asuba zuwa asuba, a rubuta lita nawa. A rubuta kuma ruwan da ya sha, da sau nawa ya tashi da dare, da ranar da abin ya fara, da shekarun da ya yi yana shan taba, da magungunan da ya ke sha. A yi haka kwana 2 ko 3, a tafi da takardar asibiti. Wanda ya ce "ina yawan fitsari" za a iya ce masa zafin gari ne, amma likitan da aka miƙa wa takarda ya ga lita 9 a kwana, sukari kuma babu, ya san inda zai duba. A kan hanyar zuwa, da lokacin jiran layi, da kan gadon asibitin kansa, a tabbata gorar ruwa tana inda hannun majinyacin zai kai.